Lakar Gindin Kwalbar Baba Mordecai

Tsoron ya shige shi ne ta hannun hagu, hannun da ke riƙe da famfon buret. Safiyar Talata ce a watan Mayun 2006, ƙarfe goma ta ɗan gota, a ɗakin gwaji na makarantar Hasken Gobe da ke Chikaji. Ɗalibai talatin da takwas suna tsaye bakin tebura suna jarrabawar kemistiri ta aikin hannu, ta fita sakandare. Shi kuma Hamza, malaminsu, yana nasa gwajin a teburin gaba, don da lambar da malami ya samu ne hukumar jarrabawa take auna ta ɗalibansa.

Aikin ba mai wuya ba ne. Buret doguwar gilas ce siririya mai layukan awo daga sifili zuwa hamsin. Ana cika ta da asid, a riƙa sakinsa a hankali cikin ruwan soda da aka ɗiga wa launi, har launin ya juya daga ruwan ɗorawa zuwa ja-ja. A nan ake rufe famfo a karanta lamba. Duk wanda ya taɓa zama a ajin kimiyya ya san wajen ashirin da biyar abin yake juyawa. Hamza ya wuce ashirin da biyar. Ya wuce talatin da biyar, ya girgiza 'yar kwalbar da sodar ke ciki, ya ɗaga ta wajen taga. Tana nan yadda take. Ya kai hamsin, buret ta ƙare, ruwa yana kallonsa ruwan ɗorawa kamar ba a zuba masa komai ba.

"Malam," in ji Nana Khadija daga tebur na biyu, ɗalibar da ba ta tambayar banza, "asid ɗina ya ƙare, kuma bai canza ba."

Misis Folasade, wadda hukuma ta turo ta sa ido, ta sauke tabarau zuwa karan hanci ta dubi Hamza. Hamza ya dubi ƙofa. A bakin ƙofar Baba Mordecai yake tsaye, mai kula da ɗakin gwaji, cikin farar rigarsa da ta sha guga, hannuwa a baya, yana jiran a gama a yabe shi kamar kowace shekara. Shi ya haɗa asid ɗin. Shekara talatin da huɗu yana haɗa asid tsakanin Samaru da Sabon Gari, ba a taɓa cewa nasa ya kuskure ba. Sunan nan shi ne dukiyarsa, ba shi da wata.

A 1968 Mordecai ya zo Samaru daga wani ƙauye a kudancin Kaduna, yana da shekara goma sha tara da takardar aji huɗu na firamare. Kawunsa kuku ne a gidan wani malamin jami'a, shi ya samo masa aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaji. Ya yi shekara huɗu yana wanke gilas bai fasa ko ɗaya ba, abin da ya sa wani Ba'indiye mai kula da kayan gwaji ya lura da shi. Ba'indiyen ba ya jin Hausa, Mordecai kuma Turancinsa na coci ne, don haka da hannu aka yi karatun. Mutumin ya kawo wata ƙatuwar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, wadda ba a ganin cikinta sai an haska, ya zuba mata farar ƙasa tatacciya, 'yar uwar wadda ake shafa wa bango, ya cika ta da ruwa mai tsabta, ya girgiza, ya toshe bakin. Bayan kwana uku farar ƙasar ta kwanta a gindi, ruwan da ke samanta ya yi garau. Sai ya nuna lakar da yatsa, ya nuna ruwan, ya haɗa tafukansa biyu daidai wa daida.

Abin da yake nufi shi ne: ruwa ba ya iya ɗaukar farar ƙasa sai gwargwado. In ya ɗauki iya nasa, sauran ya zauna a gindi. Amma zaman ba na barci ba ne. Kowane lokaci wasu ƙwayoyi suna barin laka suna shiga ruwa, wasu daidai yawansu suna barin ruwa suna komawa laka. Mordecai da kansa ya samo wa abin misali daga baya. Ya ce tashar bas ce ta Samaru: motoci suna fita zuwa Sabon Gari, wasu suna shigowa, amma duk sa'ar da ka leƙa adadin da ke tsaye bai canza ba. In ka ƙara wa kwalbar ruwa, laka za ta sallamo ƙarin ƙwayoyi har ƙarfin ya koma yadda yake. In ruwan ya ragu, rarar ta koma gindi. Muddin akwai laka, ƙarfin ruwan saman ɗaya ne bana da bara. Zafi ne kawai yake ɗan motsa shi, shi ya sa Mordecai ya ɗinka mata rigar buhu yake jiƙa ta da bazara.

Da wannan kwalba ya yi suna. Kowane asid aka kawo, ko da takarda ko babu, sai ya zuƙo ruwan kwalbar awo ashirin da biyar ya gwada. In asid ɗin ya cinye shi a goma da rabi, to ƙarfinsa ya yi daidai da na jarrabawa. In ya cinye shi kafin nan, ya yi ƙarfi, a ƙara masa ruwa. Ɗaliban da ya wanke wa kwalabe sun zama daktoci, wasu farfesoshi, suna gaishe shi ta tagar mota. Sau uku aka rubuta sunansa don ƙarin girma, sau uku aka tarar ba shi da takardar da za a liƙa a bayan fom. Bai damu sosai ba. Ya auri Sarah, suka kama gida bayan kasuwar Samaru, yana rera babbar murya a ƙungiyar waƙar coci, kowace Kirsimeti kuma ya ƙara wa kwalba cokali biyu na sabuwar farar ƙasa kafin ya saya wa 'ya'yansa takalma. Da ya yi ritaya a 2001, mai kula da sito ya duba littafinsa bai ga kwalbar a ciki ba, ya ce shara ce. Mordecai ya rungume shararsa ya fita da ita ta babbar ƙofa.

A shekarar Madam Winifred, mai makarantar Hasken Gobe, ta ɗauke shi. Da can atamfa take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, sai ta lura iyaye sun fi sayen makaranta fiye da zane. Ta kama wani tsohon sito na masu sabulu a Chikaji, ta raba shi da katako, ta kafa allo a bakin titi mai cewa akwai cikakken ɗakin gwaji na zamani. Cikakken ɗakin yana da famfo huɗu, biyu suna da bututu. Asid kuwa direbanta ne yake samo shi wurin masu cajin batir, a jarka marar suna, kuma ba a taɓa kawo jarka biyu masu ƙarfi ɗaya ba. Wannan bai dami Baba ba. Ya shigo da kwalbarsa a kan cinya cikin bas, ya ba ta wuri ƙarƙashin teburin siminti, ya sa mata siririn tiyo na zuƙa. Shekara huɗu a jere kowane ɗalibin makarantar yana samun canjin launi inda ya kamata, Madam tana ƙara girman allon bakin titi.

Hamza ya zo a farkon 2006. Kemistiri ya karanta, ya fita da sakamako mai kyau. A jarrabawarsa ta ƙarshe an yi tambaya kan daidaiton da ke tsakanin abu mai narkewa da ruwan da ya ƙoshi da shi, ya cika shafi huɗu, har malamin ya karanta amsarsa a gaban aji. Ya yi bautar ƙasa, ya dawo ɗakinsa na haya a Bomo, ya yi shekara guda yana aika takardu matatar mai da kamfanonin magani, ba wanda ya amsa. Madam ta amsa. Ta ce darasi uku zai riƙa koyarwa, da kula da layin safe.

Ranar farko ya nuna buhun da ƙafa. "Baba, mene ne wannan?"

"Sauke ƙafarka, Mai Digiri. Ta girme ka."

"Me ke ciki?"

"Ruwan farar ƙasa. Da shi nake auna asid."

Hamza ya yi murmushin da ake koya a shekarar ƙarshe ta jami'a. Babu littafin da ya karanta da ya ce a auna asid da abin shafen bango. Bai ƙara tambaya ba, Baba kuma bai saba bin mutum da bayani ba. Duk da haka sun shaƙu. Baba yana kawo ƙosan Mama Sarah a leda, Hamza yana karanta masa rubutun jikin kwalabe, don yanar ido ta fara rufe wa tsohon gani, ko da yake ya ce hasken ɗakin ne ba shi da kyau.

A hutun Ista Baba ya tafi ƙauye jana'izar wansa. A makon ne labari ya zo cewa masu duba makarantu za su zo. Madam ta shiga ɗakin gwaji da mayafi ɗaure a ƙugu.

"Mista Hamza, ina so komai ya yi ƙyalli. Waɗannan kwalaben me ya sa rabi-rabi suke?"

"An yi amfani da su ne, Madam."

"Kwalba rabi tana nuna makaranta ba ta da hali. A cika su."

"Da me?"

"Kai ne mai digiri, ni za ka tambaya?"

Aka cika su da ruwa. Waɗanda babu komai a cikinsu aka ɗiga musu shuɗin wanki. Da ta iso ƙarƙashin teburin siminti ta ga buhu, sai ta ja da baya. Ta ce a tuɓe wannan tsumman. Hamza ya tuɓe, ya haska tocila a gindin kwalbar, ya ga farar laka kamar kaurin tafin hannu. Madam ta ce ƙazantar shekara talatin ce, tsoho ba ya gani shi ya sa. Hamza ya yarda, don abin da idonsa ya nuna masa ke nan. Ya tsiyaye ruwan saman a bokiti mai tsabta, a hankali, don kada ya ɓata wa Baba kaya. Ya fitar da kwalbar bayan aji, ya sa tsinke da yashi ya kankare lakar tas, ya ɗauraye sau uku. Ya mayar da ruwan, ya tarar bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kwalbar ba. Ya ɗauko jarkokin ruwan sama da Baba yake tarawa ya cika ta har wuya. Ya koma gefe yana kallon aikinsa, ransa fes.

Masu dubawa suka zo su biyu. Sun leƙa ɗakin gwaji daga bakin ƙofa, ɗaya ya ce ma sha Allah, suka wuce ofis inda aka ajiye kaji. Hamza ya mayar wa kwalba rigarta.

Da Baba ya dawo, ya durƙusa ya taɓa kwalbar ya ji nauyinta. "Wa ya ƙara mata ruwa?"

"Ni ne, Baba."

"Da wane ruwa?"

"Na jarkokinku."

"To ba komai. Laka za ta gyara."

An kaɗa ƙararrawa a daidai lokacin, Hamza yana da aji. Ya ji maganar, ya gyaɗa kai, ya ɗauki alli ya fita. A ajin ma darasin daidaito ya koyar, ya zana kibiya biyu a allo, ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya, ya ce a haddace.

Kwana biyu kafin jarrabawa direba ya kawo jarkar asid. Baba ya zuƙo ruwan kwalbarsa ya gwada, asid ya cinye shi nan da nan. Ya ce masu batir sun yi abin kirki bana, wannan mai ƙarfi ne. Ya yi ta ƙara masa ruwa yana gwadawa har ya tsaya a goma da rabi cif. Bai san ma'aunin nasa ne ya salance ba, ya zama kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, shi kuma ya bi shi ya salantar da asid daidai haka. Sodar kuwa a sikeli aka auna ta, ita tana nan da ƙarfinta.

"Baba, ko mu gwada asid ɗin da sodar, mu gani?" in ji Hamza.

Baba ya miƙe a hankali ya gyara wuyan riga. "Farfesoshi ba su gwada ni ba. Kai da ka zo jiya da ƙosaina a bakinka za ka gwada ni?"

Hamza ya ba da haƙuri. Ba a yi gwajin ba.

Duk wannan ne ya dawo masa a tsaye gaban buret da ta ƙare, musamman kalma huɗu: laka za ta gyara. Misis Folasade ta taso ta zagaya tebura. Mace ce da ta ga abubuwa da yawa a ɗakunan jarrabawa. Ta ce kowa ya sake cika buret ya ci gaba, ya haɗa lambobin biyu. Hamza ya sake cika tasa. A saba'in da huɗu da ɗigo takwas launin ya juya, ja-ja mai kyau, kamar ba shi ya tsayar da zuciyar mutane ba.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma da aka tattara takardu, Misis Folasade ta ga ɗalibai goma sha bakwai ne suka rubuta saba'in da wani abu. Sauran ashirin da ɗaya sun rubuta ashirin da huɗu da rabi. Tun watan Janairu Madam take tara su ranar Asabar tana sa su haddace amsoshin shekarun baya, ta kuma gaya musu in sun ga abin da bai yi kama da na littafi ba, idonsu ne, su rubuta na littafi. Sun yi biyayya.

"Asid ɗaya, soda ɗaya, ɗaki ɗaya," in ji Misis Folasade tana jera takardun gida biyu. "Malam, ina son bayani a rubuce, da sa hannunka, a ofishinmu na Kaduna kafin Juma'a. In ba haka ba ni zan rubuta nawa, kuma ba zai yi muku daɗi ba."

Baba ya naɗe hannun riga. Ya wanke buret talatin da tara ɗaya bayan ɗaya, ya kife su, ya rataye farar rigarsa ya tafi gida.

Kafin la'asar Madam ta sa an buga wasiƙa. Ta kira Hamza ofis ta tura masa ita da biro a kai. Wasiƙar ta ce mai kula da ɗakin gwaji tsoho ne, idonsa ya raunana, ya yi kuskuren haɗa asid, makaranta ta sallame shi, kuma tana baƙin ciki. Ba ta ambaci ashirin da huɗu da rabi ba.

"Sa hannu."

"Madam, akwai abin da ya kamata ki sani game da kwalbar nan da muka wanke."

"Muka? Ni na taɓa kwalba? Mista Hamza, kai yaro ne, gabanka da nisa. Shi kuwa ya gama nasa. In sunansa ya ɓaci, a ina zai ji ciwo? Coci za su hana shi waƙa?"

Hamza ya ce a ba shi zuwa gobe. Ta ce biron ma nata ne, ya bar shi a nan.

Washegari da hantsi, maimakon makaranta, ya bi ta bayan kasuwar Samaru yana tambaya har aka nuna masa gidan. Mama Sarah tana tsakar gida tana tace gero. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne Mai Digirin? Ai na ɗauka za ka fi haka jiki, da irin ƙosan da kake ci. Shiga, yana can ya ƙi cin abinci tun jiya."

Baba yana zaune a kan benci ƙarƙashin bishiyar mangwaro, da singileti. Ba farar riga sai ya zama ƙaramin tsoho. Hamza ya durƙusa ya gaishe shi, ya kasa tashi.

"Baba, ni ne. Lokacin da kuka tafi gida na wanke kwalbar. Na zubar da lakar."

"Na sani."

"Kun sani?"

"Bayan na gama wanke buret na girgiza ta na zuƙo. Da akwai laka da ya fito fari kamar kunun kanwa. Ya fito garau. To wa ke da ƙarfin wanke kwalba haka in ba mai ilimi ba?"

"Me ya sa ba ku faɗa wa Madam ba?"

"Ta tambaye ni?" Ya kori ƙuda daga gwiwarsa. "A ina ka zubar?"

"Bayan aji uku, gindin katanga."

"Tun 1972 take tare da ni. Ta ga shugabannin sashe tara." Ya dubi Hamza. "A makarantar taku ba a koya muku cewa in ruwa ya ƙoshi, abin da ya rage a gindi shi ke riƙe da shi ba?"

"An koya mana. Shafi huɗu na rubuta a kai. Har aka karanta a gaban aji."

"Shafi huɗu." Baba ya juya wajen matarsa. "Sarah, kin ji? Shafi huɗu."

"Na ji. Kai kuma da yaron ya ce a gwada, shafi nawa ka karanta masa?"

Baba ya kau da kai yana kallon ganyen mangwaro. Hamza ya sunkuyar da kai yana kallon tururuwa. Mama Sarah ta ajiye musu kofi biyu na kunu ta koma bakin aikinta.

Hamza ya gaya masa zancen wasiƙar Madam, ya ce ba zai sa hannu ba, nasa bayanin zai rubuta. Baba ya sha kunu ya goge baki.

"In za ka rubuta, ka rubuta duka. Ka sa cewa ka nemi a gwada na hana. Amma ka sa cewa asid ɗin ya tsaya a goma da rabi. Hannuna bai kuskure ba, ma'aunin aka taɓa. Wannan ka rubuta shi da manyan baƙaƙe."

"Za ta kore ni, Baba."

"Za ta kore mu. Kana da biro?"

A kan bencin aka rubuta. Ya ɗauki shafi huɗu. Hamza ya bayyana kwalbar, da lakar, da yadda ƙwayoyi ke fita suna komawa, da abin da ke faruwa in an raba ruwa da lakarsa aka ƙara masa wani ruwan. Ya sa lissafin da ya nuna saba'in da huɗu ita ce amsar gaskiya ga asid ɗin da aka ba yara. Ya sa zuwan masu dubawa, da darasin Asabar. Ya karanta wa Baba da Hausa, Baba ya sa a cire kalmar tsoho a wuri biyu. Ranar Alhamis Hamza ya hau mota a Kwangila ya kai Kaduna da kansa. Wani magatakarda ya karɓa, ya buga hatimi, ya ce za a rubuto wa makaranta.

Ranar Juma'a Madam ta kore su su biyun, a gaban layin safe, ta ce maciya amana ne. Ranar Litinin ta tuna akwai jarrabawar fita sakandare ta wata hukumar dabam nan da mako uku, kuma ba wanda ya san inda ake samo wani mai haɗa asid a Chikaji. Ta aika direba ya ɗauko su. Ranar Laraba iyayen wasu daga cikin ashirin da ɗayan nan suka zo da hayaniya, ta sake korarsu don iyayen su gani. Da iyayen sauran goma sha bakwai ɗin suka zo, ta dawo da su don su ma su gani. Tun daga nan abin ya zauna haka. Tana da wasiƙar kora da wasiƙar dawowa a aljihun tebur ɗaya, kwanan wata kawai take canzawa. Maigadi in ya hango su da safe sai ya tambaya, "Yau kuna ciki ne ko kuna waje?" Ko wace amsa suka ba shi, buɗe musu yake yi, don aikin yana nan. A ƙarshe ta ce ta gaji, wasiƙar hukuma ce za ta raba gardama: in an ɗora wa Baba laifi, ya tafi da kwalbarsa, in an wanke shi, ya zauna. Game da Hamza ba ta ce komai ba, abin da ya fi kora tayar masa da hankali.

Baba ya sayo sabuwar farar ƙasa a Sabon Gari, ya tace ta da kansa, ya sa Hamza ya zuba da hannunsa, ya girgiza har kafaɗunsa suka yi ciwo. Bayan kwana uku ta kwanta. A jarrabawa ta biyu, Baba ne ya fara cewa a gwada asid da soda tun jajibiri, yana kallon taga lokacin da yake faɗa. Launi ya juya a ashirin da huɗu da ɗigo shida. Duk da haka Hamza bai daina jin sanyi a hannun hagu ba duk sa'ar da ya kama famfon buret, kuma kullum kafin ya shiga aji sai ya durƙusa ya ɗaga rigar buhu ya haska gindin kwalbar. Baba yana jin motsinsa ya ce, "Tana nan, Mai Digiri. Ba ta zuwa ko'ina sai an kai ta."

Sakamako ya fito a watan Agusta. Ɗalibai talatin da takwas na Hasken Gobe sun ga makinsu na kowane darasi, ban da kemistiri, inda aka rubuta ana bincike. Nana Khadija tana son karatun haɗa magunguna, ba za ta iya cika fom ba sai da shi, takan biyo ta makarantar ranar Litinin ta tambaya. Hamza ya koma Kaduna sau biyu, magatakardan ya ce fayil ɗin yana sama. Baba Mordecai yana zuwa aiki da farar rigarsa a goge, bai san ko shi ma'aikaci ne ba. Yau sha ɗaya ga Oktoba, wasiƙar hukumar ba ta iso ba.